Da Tsohuwar Zuma Ake Magani? Zaɓen Cifset Wajen Haɗa Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban kantin kayan kwamfuta da nufin ya haɗa tasa ta tebur da hannunsa, ko kuwa aka ɗora masa nauyin sayo wa makarantarsa, ya san inda gizo ke saƙar. Mai kanti zai ɗauko manyan alluna biyu, wato abin da masu gyara ke kira madabod, ya jera su a kan kanta. Girmansu ɗaya, kamanninsu kusan ɗaya, amma a jikin kwalin ɗaya an rubuta B650, a jikin ɗayan kuma X870, kuɗin na biyun kuma ya yi wa na farkon nisa. Da an tambayi dalili sai a ce: wannan ai sabo ne, ya fi gudu. Rabin maganar gaskiya ne, domin kuwa sabo ne. Ɗaya rabin shi ne yake cinye kuɗin mutane ba tare da sun ga abin da suka saya ba.

Waɗannan haruffa da lambobi sunan wata 'yar ƙwaya ce da ke liƙe a jikin allon, wadda ake kira cifset. Ra'ayin da wannan maƙala take ɗauke da shi shi ne, mai haɗa kwamfuta domin karatu ko koyarwa ko aikin ofis bai kamata ya bi sabon cifset saboda sabuntarsa kaɗai ba. Wanda ya shekara ɗaya ko biyu a kasuwa, aka gano aibobinsa aka gyara, kuɗinsa kuma ya sauko, shi ya fi dacewa da shi, muddin dai kamfanonin da suka ƙera shi ba su juya masa baya ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe ba ƙarami ba ne, kuma za a dawo kansa, saboda akwai tsufan da ba ya magani.

Aikin Cifset Jiya da Yau

A lokacin da kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa mai suna PC/AT a shekarar 1984, allonta cike yake maƙil da ƙananan ƙwayoyi, kowacce da nata aikin. Wata tana kula da ƙidayar lokaci, wata tana sanar da furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, cewa an danna maɓalli, wata kuma tana jigilar bayanai zuwa ma'adana. A tsakiyar shekarun 1980 sai wani kamfanin Amurka mai suna Chips and Technologies ya tattara mafi yawan waɗannan ayyuka cikin ƙwayoyi 5 kacal. Irin wannan ne ake kira cifset, ma'anarsa rukunin ƙwayoyi masu aiki tare.

Zuwa shekarun 1990 rukunin ya koma ƙwayoyi biyu, waɗanda masana suka laƙaba wa suna gadar arewa da gadar kudu, bisa ga matsayinsu a zanen allo. Gadar arewa ita ce ke tsakanin furosesa da ram, wato ma'adanar wucin gadi inda ake ajiye abin da ake aiki a kansa a daidai wannan lokaci, haka kuma ita ce ke kula da katin hoto. Gadar kudu kuwa tana kula da masu tafiyar hawainiya, irin su faifan ajiya da maɓallai da sauti da kafofin USB. A wancan zamani maganar mai kanti tana da ƙamshin gaskiya, domin duk abin da furosesa za ta ɗauko daga ram sai ya ratsa ta gadar arewa. Alal misali, cifset ɗin Intel mai lamba 430TX na shekarar 1997 yana karɓar ram mai yawa, amma megabait 64 kaɗai yake iya hanzartawa. Wanda ya ƙara ram fiye da haka da zaton zai sami sauri, sau da yawa nawa yake samu.

Sai dai kuma tsarin ya canza tun da daɗewa. A shekarar 2003 kamfanin AMD ya fito da Athlon 64, inda ya ɗauke sashen da ke kula da ram daga gadar arewa ya cusa shi cikin furosesar kanta. Intel ya bi sahu a 2008 da Core i7 na farko, sannan a 2009 ya shigar da hanyar katin hoto ita ma. Ma'ana, gadar arewa ta shige cikin furosesa, abin da ya rage a waje da ake kira cifset a yau jikan gadar kudu ne.

Idan ana son a fahimci abin cikin sauƙi, sai a ɗauki kwamfuta tamkar birni mai ganuwa. Furosesa ita ce fada. Ram da katin hoto, da kuma ma'adanar SSD ta farko a yawancin allunan yau, suna da ƙofarsu ta kai-tsaye zuwa fadar. Cifset shi ne sarkin ƙofa: shi ke ƙayyade yawan ƙofofin da baƙi za su shigo ta cikinsu da kuma faɗin kowacce, kafin dukansu su haɗu a kan titi guda mai zuwa fada. Ƙara yawan ƙofofin gari ba ya sa sarki ya yanke shari'a da wuri. Furosesa guda, da ram iri guda, idan aka ɗora su a kan allo mai cifset na bara da mai na bana, lissafin da za su yi a daƙiƙa kusan ɗaya ne. Abin da ake saye da ƙarin kuɗin shi ne yawan kafofi da faɗinsu, kuma kafar da ba a cusa mata komai ba, ba ta da wani amfani ga mai ita.

Sauri Kan Haifi Nawa

Tarihin wannan fanni yana da darussan da ya kamata ɗalibin kimiyya ya sani, ko da ba zai taɓa sayen allo ba. A watan Afrilu na 1998 Intel ya fito da cifset mai lamba 440BX, mai tafiya da megahaz 100, wanda ya ɗauki Pentium II da Celeron, daga baya har da Pentium III. Ya yi suna wajen ƙarko da rashin fitina. A ƙarshen 1999 sai kamfanin ya kawo magajinsa, 820, wanda aka gina domin wani sabon nau'in ram na kamfanin Rambus mai ɗan karen tsada. Da aka ga mutane sun ƙi sayen wannan ram, sai aka ƙara wa wasu alluna wata ƙwaya mai aikin tafinta, domin su iya amfani da ram ɗin da aka saba da shi. Tafintan nan ya rage gudun na'urar, sannan aka gano cewa yakan sa kwamfuta ta daskare ko ta mutu ta tashi da kanta, har ma ana tsoron lalacewar bayanai. A watan Mayu na 2000 Intel ya janye alluna kusan miliyan 1 daga hannun jama'a. Waɗanda suka yi zamansu a kan tsohon 440BX ba su rasa komai ba. Hasali ma, wannan cifset ya yi farin jinin da har manhajar VMware, mai ƙirƙirar kwamfutar kwaikwayo a cikin kwamfuta, shi ta zaɓa ta riƙa kwaikwaya shekaru masu yawa bayan an daina ƙera shi.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan tsohon labari ne. To, a watan Janairu na 2011 Intel ya fito da furosesoshin Core zubi na biyu tare da cifset P67 da H67. Wata bai cika ba, ranar 31 ga watan, kamfanin ya sanar da cewa akwai aibi a cikin ƙwayar: huɗu daga cikin kafofi shida da ake haɗa faifan ajiya da su za su iya lalacewa a hankali har faifan ya ɓace wa kwamfuta. Aka tsayar da sayarwa, aka janye alluna, kamfanin da kansa ya ƙiyasta cewa gyara da musaya za su ci dala miliyan 700, ban da cinikin dala miliyan 300 da zai rasa. Wanda ya yi haƙuri na 'yan watanni ya sayi gyararren zubi, wanda ya yi gaggawa kuwa ya kwance kwamfutarsa ya mai da allo.

Kada a ɗauka cewa kamfani ɗaya ne ke da wannan tarihi. AMD ya ƙaddamar da sabon gurbin furosesa mai suna AM5 a watan Satumba na 2022. A watan Afrilu na 2023 sai rahotanni suka ɓulla cewa wasu furosesoshin Ryzen 7000 suna ƙonewa har su ɓata gurbin da suke zaune, saboda wasu alluna suna ba wani sashe nasu ƙarfin wuta fiye da kima. Maganin ya zo ne ta sabunta BIOS, wato 'yar manhajar da ke zaune a jikin allo tana tayar da kwamfuta, inda aka ƙayyade wutar kada ta wuce bolt 1.3.

Ba sakaci ne kaɗai ke jawo irin wannan ba. Komai yawan gwajin da kamfani zai yi a ɗakin bincikensa, ba zai kai gwajin da miliyoyin masu saye za su yi ba, kowa da irin ram ɗinsa da faifansa da zafin ɗakinsa. Saboda haka mai sayen zubin farko, ko ya sani ko bai sani ba, ɗan gwaji ne, kuma shi ke biyan kuɗin gwajin. Ga mai saye a Amurka ko Jamus abin da sauƙi, zai mai da kaya ta gidan waya a aiko masa da sabo. Ga malamin da allonsa ya ratso teku ya sauka Legas, ya bi ta hannun dillalai biyu ko uku kafin ya iso Gusau ko Maraɗi, takardar garantin da ke cikin kwalin sau da yawa ado ce kawai.

Lamba da Harafi

Wani abin da mai kanti ba ya faɗa, watakila don shi ma bai sani ba, shi ne sabon suna ba kullum ne yake nufin sabuwar ƙwaya ba. Cifset X870 da AMD ya fitar a 2024, da B850 na farkon 2025, ƙwaya ɗaya suke amfani da ita da B650 na 2022. Haka X670 ba komai ba ne illa irin wannan ƙwaya guda biyu da aka jona. Abin da ya canza shi ne sharuɗɗan da aka gindaya wa masu ƙera allo, kamar tilasta musu sanya kafar USB4 a kan X870. Wanda yake da na'urar da ke buƙatar wannan kafa ya sami abin da ya biya. Wanda kuwa ba shi da ita, sabon kwali ya saya.

Harafin da ke gaban lambar ya fi lambar kanta faɗin gaskiya. A wajen AMD, A shi ne ƙaramin mataki, B matsakaici, X babba. A wajen Intel kuwa H610 da ire-irensa su ne na ƙasa, B matsakaici, Z babba. Saboda haka sabon ƙarami yana iya kasa tsohon matsakaici. A520 ya fito a 2020, B450 kuwa tun 2018, amma B450 yana barin a ƙara wa furosesa gudu fiye da yadda aka tsara ta, A520 ba ya bari. Allo mai H610 gurbin ram biyu kaɗai yake da shi, alhali yawancin masu B660 ko B760 suna da huɗu, kuma wannan bambanci zai bayyana ne ranar da aka so ƙara ram ba tare da zubar da na farko ba. Ga ɗalibi da malami, matakin B shi ne wurin tsayawa. Z da X an yi su ne domin masu wasa da gudun furosesa da masu tara faifai da yawa, su kuwa sun san kansu.

To ina batun saurin hanyoyi, wanda a kansa ne ake yawan yin talla? Hanyar da ake kira PCIe zubi na 3 tana ɗaukar kusan gigabait 1 a daƙiƙa a kowane layi, zubi na 4 kusan 2, zubi na 5 kusan 4. Ma'adanar SSD mai layi huɗu takan kai gigabait 3.5 a zubi na 3, 7 a na 4, kusan 14 a na 5. Lambobin suna da ban sha'awa, amma sai a tambaya, me ake yi da kwamfutar? Tsalle na gaske shi ne wanda ake yi daga faifai mai juyawa zuwa SSD kowace iri, ko da mai tsohuwar kafar SATA ce wadda ba ta wuce megabait 550 a daƙiƙa. A nan ne kwamfutar da ke ɗaukar minti biyu kafin ta tashi take komawa tashi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Daga nan zuwa sama kuwa, mai buga takarda ko koyon rubuta manhaja ko atisayen jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, da wuya ya ji bambanci ba tare da agogon awo a hannu ba. Akwai dai togaciya. Wasu katunan hoto masu araha, irin su Radeon RX 6500 XT na 2022, layi huɗu kaɗai aka ba su, kuma sukan rage ƙarfi ƙwarai a kan allo mai zubi na 3. Wanda zai sayi irin wannan kati dole ya duba.

Akwai kuma abin da takardun talla ba sa lissafawa, wato ƙura da zafi da wutar lantarki. Da X570 ya fito a 2019 da PCIe zubi na 4, yana jan wuta har sai da yawancin masu ƙera allo suka liƙa masa 'yar ƙaramar fanka. Duk wanda ya taɓa buɗe kwamfutar da ta yi hunturu ɗaya a aji mai buɗaɗɗen taga ya san makomar irin wannan fanka. B550 da ya biyo baya a 2020, mai ƙarancin kuɗi, ba ya buƙatar fanka ko kaɗan. Haka nan, sabon allo yana buƙatar a yi ta sabunta masa BIOS a watanninsa na farko, kuma idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar wannan aiki, allon yana iya mutuwa murus. A inda wuta take zuwa ta koma ba sallama, allon da ya riga ya zo da BIOS tsayayye ya rage wa mai shi haɗari guda. Rarar kuɗin da aka samu kuwa tana da wuraren zuwa masu amfani: ram gigabait 16 maimakon 8, akwatin raba wuta na kirki maimakon mara suna wanda kan tafi da allo idan zai mutu, da na'urar UPS.

Tsufan da Ba Ya Magani

Duk abin da aka faɗa a baya ba izini ba ne na a rungumi kowane tsohon allo. Araha ba ta ado, kuma a kasuwar tokumbo ne tarkon ya fi yawa. A watan Oktoba na 2021 Microsoft ya fito da Windows 11, ya kuma gindaya sharaɗin cewa sai kwamfuta tana da sashen tsaro mai suna TPM 2.0, sannan furosesarta ta kasance Intel Core zubi na 8 zuwa sama, ko mafi yawan Ryzen 2000 zuwa sama, in ban da 'yan ƙalilan da aka keɓe. Ranar 14 ga Oktoba na 2025 wa'adin kulawa ta yau da kullum da Windows 10 ya cika. Wannan ya ja layi a tsakiyar kasuwa, kuma layin ya faɗo a wani wuri mai ruɗarwa.

Ga yadda abin yake. Intel ya yi amfani da gurbi mai suna LGA1151 tun daga 2015. Furosesoshin zubi na 6 da na 7 suna zama a kansa tare da cifset irin su H110 da B150 da B250 da Q270. Da zubi na 8 ya zo a ƙarshen 2017, gurbin bai canza suna ba, yawan ƙafafunsa na nan 1,151, furosesar ma za ta shiga daram, amma ba za ta tashi ba sai a kan cifset mai lamba 300 da wani abu, kamar H310 da B360 da Q370. Saboda haka makarantar da ta sayi tsofaffin kwamfutocin ofis masu H110 ko Q270, bisa alkawarin dillali cewa nan gaba sai a canza furosesa kawai, ta sayi gidan da ba shi da ƙofar fita. Ga ido babu bambanci tsakanin Core i5 zubi na 7 da na 8, domin takardar da aka manna a gaban akwatin kusan iri ɗaya ce, sai an duba lambar: 7500 tana ƙasan layi, 8500 tana samansa. Ba a ce waɗannan na'urori sun zama shara ba. Manhajar Linux, kamar Ubuntu ko Mint, tana tafiya a kansu lafiya lau, kuma ɗalibin da ya koyi kwamfuta a kanta bai yi asara ba. Amma ya kamata a saye su da sanin haka, kuma da kuɗin da ya dace da haka.

A nan ne ya kamata a bambance tsakanin shekarun cifset da rayuwar gurbin da yake yi wa hidima. Misali mafi kyau shi ne gurbin AM4 na AMD. Ya fito a 2016, furosesar Ryzen ta farko ta hau kansa a watan Maris na 2017, kamfanin kuma ya yi alkawarin riƙe shi har 2020. A watan Mayu na 2020 AMD ya sanar cewa alluna masu B450 da X470 ba za su ɗauki furosesoshin da ke tafe ba, yana kafa hujja da ƙanƙantar ƙwayar BIOS, wadda a alluna da yawa megabait 16 ce, ba za ta iya riƙe bayanan dukan furosesoshin ba. Masu saye suka yi ca a kansa, cikin makonni biyu ya janye maganar. A 2022 ma sai aka buɗe ƙofar har ga alluna masu B350 da A320 na 2017. Sakamakon haka, mutumin da ya sayi allo a 2017 ya sami damar ɗora masa Ryzen 5000, wadda ta yi wa ta farkon fintinkau, ba tare da ya canza allo ko ram ba, kuma har a 2024 kamfanin ya fitar da sababbin furosesoshi domin wannan gurbi. Ga alluna biyu 'yan shekara ɗaya, B250 da B350, ɗaya ya tsaya ƙasan layin Windows 11, ɗayan ya tsallake da canjin ƙwaya guda.

Intel dai ya saba canza gurbi bayan zubi biyu. LGA1200 ya zo a 2020, kuma ko a cikinsa alluna masu H410 da B460 ba su ɗauki zubi na 11 ba. LGA1700 na 2021 ya fi daɗewa, ya ɗauki zubi na 12 da na 13 da na 14, kafin LGA1851 ya gaje shi a watan Oktoba na 2024. Ko a nan an ga amfanin allon da ake kula da shi. A 2024 aka tabbatar da cewa wasu furosesoshin zubi na 13 da na 14 suna neman wuta fiye da kima har su raunana, gyaran kuma ta hanyar sabon BIOS ya zo. Allon da kamfaninsa ya daina fitar masa da BIOS ba shi da hanyar karɓar irin wannan magani. Shi ya sa kafin a biya kuɗi yana da kyau a leƙa shafin kamfanin da ya ƙera allon a intanet, a ga ranar da aka fitar da BIOS na ƙarshe, da jerin furosesoshin da yake ɗauka. Aikin minti biyar ne ko a wayar hannu.

Masu goyon bayan sabo suna da hujja guda mai ƙarfi, wadda bai dace a raina ba, ita ce ta ram. Nau'in DDR4 ya shigo kasuwa a 2014, DDR5 kuma a 2021. Dukansu ƙafafu 288 gare su, amma tsagar da ke tsakiyarsu ba wuri ɗaya take ba, don haka ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. AM4 na DDR4 ne kaɗai, AM5 da LGA1851 na DDR5 ne kaɗai, alluna masu LGA1700 kuwa wasu na wannan ne wasu na wancan. An daɗe ana ɗauka cewa tsohon nau'i shi ne mai araha, amma a 2025, da manyan masu ƙera ram, wato Samsung da SK Hynix da Micron, suka bayyana shirin rage yin DDR4, sai kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo, har ya kai lokacin da ya zarce na DDR5. Zuwa ƙarshen shekarar kuma dukan nau'o'in suka yi tsada saboda cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna wawashe abin da ake ƙerawa. Abin da wannan ke nunawa shi ne ba allo kaɗai ake yi wa ciniki ba. Allo da furosesa da ram kuɗinsu a haɗe ake lissafawa, a ranar da za a saya.

Amma ko da an karɓi wannan hujja, ba ta kai mutum ga cifset mafi sabunta ba. Iyakar inda ta kai shi shi ne gurbi mai rai. Wanda ba shi da komai a hannu, yake kuma son kwamfutar da zai riƙa ƙara wa ƙarfi shekaru masu zuwa, yana iya hawa AM5, wanda AMD ya yi alkawarin riƙewa har aƙalla 2027, ya zaɓi B650 wanda aka daɗe da tace matsalolinsa. Wanda kuwa yake da ram DDR4 a ajiye, ko makarantar da za ta haɗa kwamfuta 30 waɗanda ba za a sake buɗe cikinsu ba sai don kaɗe ƙura, B550 ko B760 mai DDR4 ya ishe su, ko da kuwa gurbinsu ya zo ƙarshen tafiyarsa. Mai buƙatar sabo fil shi ne wanda zai iya nuna na'urar da zai cusa a sabuwar kafar, kamar mai tace bidiyo da ke kwashe ɗaruruwan gigabait kullum.

Saura wani ɗan haki da kan tsone idon mai haɗa tsohon cifset da sabuwar furosesa. Allon da ya daɗe a kan kanta yana ɗauke da BIOS na lokacin da aka ƙera shi, wanda bai san furosesar da aka yi bayansa ba. Sai a haɗa komai daidai, a kunna, fanka ta juya, amma hoto ya ƙi fitowa, har a fara zargin mai kanti da sayar da mataccen kaya. Wasu alluna suna da maɓalli a bayansu wanda ake sabunta BIOS da shi daga filashi ba tare da furosesa ba, kuma a kan AM5 wannan ya zama ruwan dare. Waɗanda ba su da shi sai an aro tsohuwar furosesa an tayar da su tukuna. Saboda haka ya kamata mai saye ya nemi a ɗora furosesar a kan allon, a sa ram, a kunna a gabansa a cikin kantin, ya ga sunanta ya fito a fuskar BIOS, sannan a rubuta masa rasit mai ɗauke da lambar allon.